Sharhi: Lissafi ba ya zama a kan yaro sai ya bi ta hannunsa

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC da ta bak ya fito, zancen da ake ji a majalisu da gidajen rediyo kusan ɗaya ne: ilimi ya taɓarɓare, yara ba su karatu, malamai sun cika yajin aiki. Idan kuwa aka tambayi su yaran da suka faɗi wace darasi ce ta fi ba su tsoro, mafi yawansu lissafi za su ambata. Mu a namu ganin, ciwon da ke kayar da ɗalibi a ajin ƙarshe na kwaleji ya kama shi ne tun yana ɗan shekara bakwai, a ajin CI da CP, lokacin da aka rubuta masa lambobi a allo aka ce ya hardace, ba tare da an ɗora masa kome a tafin hannu ya ƙirga ba. Wannan ƙaramar magana, wadda ba ta cika samun wuri a manyan tarurrukan ilimi ba, ita muke so mu duba yau tare da masu karatu.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2014 shirin PASEC, mai auna ƙwazon ƴan makarantar firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci, ya yi gwaji a ƙasashe 10. Nijar ce ta zo ta ƙarshe. Cikin yaran da suka kai ajin CM2, waɗanda suka haye ma'aunin da ake ɗauka a matsayin isasshen sani a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019, wanda ya haɗa ƙasashe 14, an samu ci gaba, domin adadin ya hau zuwa kimanin kashi 22 cikin 100. Wannan abin a yaba ne. Sai dai har a wannan lokacin yaro uku cikin huɗu na fita daga firamare ba tare da lissafin da ake sa ran shekaru shida za su ba shi ba, alhali a Senegal da Burkina Faso waɗanda suka haye ma'aunin sun wuce kashi 60.

Akwai wani abu cikin sakamakon 2019 da ya kamata ya tsayar da mu. A farkon karatu, wato a ajin CP, kimanin biyu cikin uku na yaranmu sun haye ma'aunin lissafi. Ke nan ba da wofin kai suke shigowa ba. Suna zuwa da ƙidaya, suna zuwa da tarawa da ragewa irin na gida da na kasuwa. Tsakanin CP da CM2 ne ake zubar da su a hanya, daidai lokacin da lissafi ke barin abin da ake gani ya koma alamomi tsantsa: aro a ragewa, dogon rabawa, ɓangarorin lamba, faɗin fili, mita da lita da kilo.

Yadda ajin yake

Kowa ya san irin ajin da ɗiyan talakawa ke zama ciki. A shekarar 2021 hukumomin ƙoli da kansu sun ba da adadin azuzuwan zana kimanin dubu 36 a faɗin ƙasa. A wannan shekarar ce gobara ta cinye irin waɗannan runfuna a unguwar Pays-Bas ta Yamai ran 13 ga Afrilu, inda yara kimanin 20 suka rasu, sannan ran 8 ga Nuwamba ta sake afkuwa a Maraɗi, inda aka yi asarar yara fiye da 25. Allah ya jiƙansu. Ban da haɗarin wuta, runfar zana na cin lokacin karatu, domin ba a samun karan yin ta sai an gama girbi, kuma ruwan farko na sauka makaranta ta watse. A 2024 ma ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

A irin wannan aji, jarin malami bai wuce baƙin allo da guntun alli ba. A wurare da dama babbar rula da kusurwar katako da kampas na allo guda ɗaya ne ga makaranta baki ɗaya, ana aiken yaro aji-aji ya aro, wani wurin ma babu. Sai ka ga mushe ya zana sikeli a allo yana koyar da kilo, ya zana kwalba yana koyar da lita, ya zana agogo yana koyar da lokaci, yara sittin ko saba'in na zaune a ƙasa suna maimaitawa da ƙarfi. Maimaitawar tana da daɗin ji, kuma mai wucewa zai ce ana karatu. Ranar da aka juya tambayar kaɗan, sai ajin ya yi tsit.

Tsarin makarantar da muka gada daga Faransa ya san da wannan buƙata. Tun ƙarni na 19 ake tanadar wa makarantun firamare na can wani akwati na kayan awo, mai ɗauke da sikeli da duwatsunsa, da gwangwanayen lita da rabinta da ushurinta, da mita mai naɗewa, da sarƙar awon fili. Har yau sunan wannan akwati na nan cikin jerin kayan da ake cewa makaranta ta mallaka. Da makarantu suka yawaita, musamman a zamanin shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi da aka fara a 2003, ƙoƙari ya tafi wajen buɗe azuzuwa da ɗaukar malamai ƴan kwantaragi. Yara sun shiga makaranta da yawa, wannan gaskiya ne, amma kayan aiki ba su biyo su ba.

Abin da hannu ke koya wa ƙwaƙwalwa

Bari mu ɗauki misali ɗaya. An ce wa yaro ya cire 17 daga 52. A allo ana koya masa cewa 7 ba ta fita daga 2, sai ya “ari ɗaya”. Daga ina aka aro, kuma me ya sa ɗayan nan ta zama goma? Ba a faɗa masa ba, ko an faɗa da harshen da bai ji ba. Shi ya sa za ka ga yara da dama sun cire ƙarama daga babba a kowane layi, sun rubuta 45. Yanzu a ba wannan yaron guntayen kara da aka ɗaure goma-goma: ƙulli biyar da kara biyu. Yana son cire bakwai, biyu ne a hannunsa, dole ya kwance ƙulli ɗaya. Ya koma yana da ƙulli huɗu da kara goma sha biyu. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire ƙulli ɗaya saura uku, ya samu 35. Aron da aka yi ta faɗa masa, yanzu da yatsunsa ya kwance shi. Gani ya kori ji.

Haka abin yake a ɓangarorin lamba. Yaron da bai taɓa ninka takarda ba zai rantse cewa ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa biyu, tun da 4 ta fi 2. A ba shi takarda ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya ɗora rubu'i kan rabi, magana ta ƙare. Bambancin kewayen fili da faɗinsa, wanda ke rikita har ƴan kwaleji, igiya mai mita 20 ta isa ta warware shi a filin makaranta: a shata fili mai 5 da 5, a ƙirga murabba'ai 25, da igiyar nan a shata mai 9 da 1, a ƙirga 9 kacal. Igiya ɗaya, gona biyu daban. Ɗan manomi ba ya mance irin wannan darasi. A zagaya bakin ƙwarya ko faifai da zare, a gwada zaren da faɗin tsakiya, a ga ya ninka shi uku da ɗan ɗoriya, kome girman ƙwaryar. Daga nan ne 3,14 ta fito.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a 1907 a wata unguwar matalauta ta birnin Rum, kuma da kayan taɓawa ta fara. Wani malamin firamare na ƙasar Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya yi suna a shekarun 1950 da ƴan sandunan katako masu launi da tsawo daban-daban. A 1966 masanin nan ɗan Amurka Jerome Bruner ya bayyana matakai uku da yaro ke bi: ya aikata da hannu, ya gani a zane, sannan ya riƙe da alama. Ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare a kan waɗannan matakai tun farkon shekarun 1980, kuma tun 1995 ɗalibanta na cikin na gaba-gaba a gwaje-gwajen duniya. Mu kuwa mun tsallake matakin farko da na biyu, muna farawa daga na uku.

Lissafin kasuwa da lissafin aji

Abin mamaki shi ne, yaran nan da ake cewa ba su da kan lissafi, a kasuwa ba a cutarsu. Yarinya mai tallar gyaɗa, an sayi ta dala talatin da biyar, an miƙa mata dala ɗari, kafin ka ƙifta ido ta ba da canjin dala sittin da biyar. A rubuta mata 500 a cire 175 a allo, sai ta daskare. Kuma a lura, duk Bahaushen Nijar da ke ƙirga kuɗi da dala yana ninkawa da biyar ne ko yana rabawa da biyar, safe da yamma: 100 ita ce dala ashirin, jika guda dala metan. Wannan ƙwarewa tana nan kwance a kowane ƙauye, makaranta ba ta ɗauka.

Ba mu kaɗai ke da wannan giɓi ba. A wani binciken da aka buga a 1985, wasu masu bincike a garin Recife na Brazil sun gwada yara masu talla a titi, suka tarar suna warware kusan dukan lissafin ciniki daidai, amma da aka rubuta masu lambobin nan a takarda irin ta makaranta, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin 100 ba. A 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a kan yara fiye da 1400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na ƙasar Indiya. Sakamakon ya zo iri ɗaya, da ƙari: ƴan makarantar da ba su ciniki sun iya lissafin takarda, amma suka kasa na kasuwa. Ma'ana, sanin ba ya tsallakawa da kansa daga wannan gefe zuwa wancan, sai an gina masa gada. Kayan taɓawa su ne gadar: kuɗin wasa da aka yanka daga kwali, tiya da rabin tiya, sikelin sanda, ɗan kanti a kusurwar aji.

Ga kuma maganar harshe. Hausa na faɗin lamba a fili: goma sha biyu, wato goma da biyu. A wasu yankunanmu har yau tsofaffi na cewa gomiya uku, gomiya huɗu, wanda shi ne ainihin ƙulli uku, ƙulli huɗu. Faransanci kuwa 97 sai ya ce huɗu sau ashirin da goma da bakwai. Yaron da ke fama da baƙon harshe da baƙuwar alama a lokaci guda, kara da tsakuwa ne kaɗai ke yi masa magana da abin da ya sani. A gwajin PASEC na 2014 Burundi, wadda ba ta fi mu arziki ba, ita ta zo kan gaba a lissafi, kuma da harshen kirundi take koyarwa a shekarun farko. Mu ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ɗaga hausa zuwa harshen ƙasa. Idan za a koyar da lissafi da harsunanmu, to kayan awonmu da ƙidayarmu su shigo aji tare da kalmomin.

Masu cewa ba wannan ce matsalar ba

Wani zai ce: makarantar da ba ta da rufi, ba ta da teburi, malaminta na jiran albashi, ita za a yi wa zancen tsakuwa da kara? Maganar tana da nauyi. Amma gina dubban azuzuwa aikin shekaru ne, musamman a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna jama'arta na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, kuma wadda tallafin waje ya ragu gare ta bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023. Yaron da ke CP yau ba zai jira a gama ginin ba. Kafin siminti ya iso ƙauyensu ya wuce ajin. Cikin dukan abubuwan da makarantarmu ta rasa, kayan lissafi ne mafi araha, kuma su ne ake iya samarwa cikin mako guda.

Wani kuma zai ce an sha rabon irin waɗannan kaya, ina suka shiga? Nan ma akwai gaskiya. Sau da yawa akwatin da wata ƙungiya ta kawo yana ƙarewa ne a kulle a ofishin darakta, don tsoron kada wani abu ya ɓace a tambaye shi, sai ranar da sufeto zai zo a fito da shi a kaɗe ƙura. Abin da aka kawo daga waje, mai tsada, wanda in ya karye ba a samun madadinsa, dole a ji tsoron ba yara shi. Wanda aka yanka daga karan dawa, in ya ɓace gobe a yanko wani.

Matsala ta uku ita ce mafi girma, wato shi kansa malamin. A gwajin da ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malamai ƴan kwantaragi a 2017, zamanin minista Dauda Mamadu Marte, kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Ba don a ci mutuncin kowa muke tuna wannan ba. Waɗannan malamai su ma a irin ajin nan aka koya masu lissafi da hadda, kuma da su makarantun karkara ke tsaye. Amma wanda bai taɓa kwance ƙulli da hannunsa ba, ba zai sa yaro ya kwance ba. A 2013 wasu masana a Amurka sun tattara bincike 55 a kan amfani da kayan taɓawa a lissafi, suka tarar amfanin yana nan, sai dai girmansa ya danganta da yadda malami ke jagorantar yara. Zuba masu tsakuwa a ƙyale su wasa ne kawai. Kuma akwai haɗarin yaro ya maƙale a matakin farko, shi ya sa ake ganin ɗan CM2 na jan ƴan layuka a bayan takarda don ya tara 48 da 36. Kara tsani ne, ana hawa a wuce: yau a taɓa, gobe a zana, jibi a rubuta lamba kaɗai.

Sai masu ganin cewa zamani ya wuce kara, kwamfutar hannu ya kamata a raba. Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma a ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuma abin bai kai haka ba, na'urar da batirinta ya mutu ba ta kai murfin kwalba amfani ba.

Abin da za a iya yi, da wanda zai yi

Kayan da ajin CI zuwa CE2 ke buƙata ba su da yawa: guntayen kara ko tsinken tsintsiya da zaren ɗaurewa, murafun kwalba, ƙwallayen dabino ko na aduwa, katunan lambobi daga kwalin shayi da na sukari, igiya mai ƙulli a kowace mita, tef irin na tela, kwalabe da gwangwanaye da aka san cikinsu, da sikelin da aka haɗa da sanda da gwangwanin tumatir biyu. Tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kwalbar ruwa ta isa ta zama dutsen awo. Ajin yara 70 in aka raba shi rukuni goma, kowane rukuni da kara 200, kara 2000 ke nan, aikin yammaci biyu ga ƴan CM2. Manyan azuzuwa kuma su samu siffofin katako daga kafintan gari, da igiya mai gaɓa 12 da magina ke fitar da kusurwar gini da ita, uku da huɗu da biyar. Abu ɗaya da lalle sai an kashe masa kuɗi shi ne akwatin ƙarfe mai makulli, domin a runfar zana gara da awaki da iska ba su barin kome ya kwana. Maƙeranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa na ƙera irinsa kullum.

Hanyar tattara jama'a ma muna da ita. Tun 2004 aka fara a jahar Tawa, da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, shirin nan na “makaranta ga kowa” wanda ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, daga baya CGDES. Ta hannun waɗannan kwamitoci an gwada yara a gaban uwayensu, an shirya ƙarin darasin lissafi da yamma da littattafan atisaye, kuma binciken da aka yi a kai ya nuna yaran sun ƙaru. Kwamitin da ke iya tara zana da itace don kafa runfa kowace kaka, zai iya sa akwatin lissafi cikin tsarin aikinsa na shekara. Ƙungiyoyin uwaye mata su ne suka fi kowa sanin tiya da mudu da canji. A ba su wuri.

Sai dai kada wannan ya zama ƙofar da gwamnati za ta bi ta sauke nauyinta a kan talaka. Akwai abin da ita kaɗai ke iya yi. Na farko, makarantun horon malamai su sa haɗa kayan lissafi da aiki da su cikin abin da ake jarraba ɗalibi a kai, ta yadda kowane sabon malami zai fita da akwatin da ya haɗa da hannunsa. Na biyu, tarurrukan ƙara wa juna sani da malamai ke yi a yankunansu su ware zama don wannan, a zauna a ƙasa a ƙirga kara kamar yadda yara za su yi. Na uku, sufetoci da masu ba malamai shawara su daina auna darasi da yawan shafin da aka rufe kawai, su tambayi abin da yara suka taɓa, kuma a sanar da daraktoci a rubuce cewa kayan da suka tsufa a hannun yara ba laifi ba ne. Na huɗu, rula da kusurwa da kampas na allo, da sikeli ɗaya na gaskiya, su shiga kasafin kayan komawa makaranta tare da alli da littattafan rubutu, a ba masu sana'ar gida kwangilarsu. Ƙananan hukumomi, waɗanda aka miƙa wa wani ɓangare na kula da makarantun firamare, su ma su nuna abin da suka ware.

Mu ma ma'aikatan kafofin watsa labarai akwai namu kason. Gidajen rediyon karkara na shiga inda jarida ba ta kaiwa. Minti goma a mako na wasan ƙwaƙwalwa a kan lissafin gona da na kasuwa, da bayanin yadda uwa za ta sa ɗanta ya ƙirga tiya yayin da take awon hatsi, zai nuna wa uwaye cewa ko ba su yi lakkol ba suna da abin koyarwa.

Abin da ke kan faifai

Ana yawan maganar ƴancin kai da mallakar arzikin ƙasa. Matatar mai ta Damagaram na aiki tun 2011, bututun da ke kai ɗanyen man Agadem gaɓar teku a Benin ya fara aiki a 2024, ga yuraniyom a Arlit, ga madatsar Kandaji da ake jira. Duk waɗannan injiniyoyi da masu awo da akantoci suke nema, kuma ba a samun su sai daga ɗaliban da ba su guje wa sashen kimiyya a lise ba. Yau kowa ya san yadda azuzuwan sashen C suke da ƙarancin ɗalibai idan aka gwada da na adabi. A ƙasa da haka kuma, manomin albasar Galmi da na ayar Maraɗi na buƙatar sanin faɗin gonarsa kafin ya sayi taki, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na buƙatar daidaita magani da nauyin jariri, ga zakkar amfanin gona da ushurinta da rabin ushuri, ga rabon gado da sulusinsa da rubu'i da sudusi da sumuni. Kuskure a waɗannan wurare dukiya yake ci, wani lokaci rai.

Kada kuma wani ya ce lissafi ba gadonmu ba ne. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi wanda masu tarihin lissafi ke ambato har yau. Abdu Mumuni Diyofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne da duniya ta sani, kuma tun 1964 ya rubuta littafi yana kira da a haɗa makarantar Afirka da rayuwar jama'arta. Ƙwaƙwalwar da ke buga dara a gindin bishiya tana hango wasa uku gaba, ba ita za ta gaza ragewa da aro ba.

Saboda haka kiranmu ga uwayen yara shi ne, a taron kwamitin makaranta na gaba a tambayi darakta a fili: da me ake koya wa yaranmu lissafi, kuma me ya rage mu kawo? Ga malamai, a fara da abin da ke hannu tun kafin akwati ya iso. Ga magabata, a rubuta wannan cikin horo da kasafi don kada ya tsaya ga ƙoƙarin wani malami ɗaya mai himma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.